Gilashin Daji da "Duwatsun Kano": Tarihin Duwatsun Ado a Hanyar Sudan

1.0 Gabatarwa

A kasuwannin tsofaffin kayan ado na Turai da Amurka akwai wasu manyan duwatsun wuya na gilashi, masu kauri da nauyi, galibinsu rawaya ko kore, waɗanda dillalai ke kira "duwatsun Kano". Duk wanda ya ji wannan suna zai ɗauka cewa a birnin Kano aka yi su. Amma tarihi ya nuna cewa a garin Al-Khalil na ƙasar Falasɗinu aka narka su, kuma sun daɗe a jikin matan ƙasar Sudan kafin fataken Hausawa su saye su, su yi yamma da su. Haka nan a farkon ƙarni na 19 akwai wasu fararen duwatsu da ake kai wa Darfur da sunan "na Holan", alhali kuwa daga Bohemiya suka fito, ƙasar da ta shahara da tanderun gilashi a cikin dazuzzukanta.

Wannan takarda za ta bi sawun waɗannan duwatsu tun daga tanderun da aka narka su har zuwa kasuwannin Kogin Nilu, inda daga baya Hausawa suka kafa ƙauyuka a Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu. Manufar ita ce a nuna cewa sunan da kayan ado ke ɗauke da shi yakan bi kasuwar da aka gan shi, amma launinsa da salonsa su ne ke faɗin ainihin inda ya fito.

2.0 Kalmomin da Suka Shafi Batun

Kalmar gilashi bakuwa ce a Hausa, daga Ingilishi aka aro ta. Tun kafin zuwanta Hausawa suna da ƙarau, wato abin hannu na gilashi da mata ke sawa, suna da kwalba da madubi. A ɓangaren ado kuwa akwai tsakiya da jigida da murjani da dutsen wuya. Abin lura shi ne, Bahaushe yana kiran abin da aka yi da gilashi "dutse" muddin an huda shi an zura masa zare, domin irin waɗannan kayan ado na farko da duwatsu na ainihi ake yin su. A Larabcin Sudan ana ce musu kharaz, ƙananan kuma suksuk.

Wasu kalmomi biyu da za su riƙa fitowa su ne toka da kanwa. Yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai da zafin da tanderun mutanen da ba za su iya kaiwa ba. Saboda haka dole a haɗa shi da wani gishiri mai rage masa taurin kai. Wannan gishiri ko dai irin na kanwa ne, ko kuwa irin wanda ke cikin tokar itace, shi ne dai wanda matan Hausawa ke tacewa su sami ruwan toka na miya ko na sabulu. Bambancin da ke tsakanin waɗannan gishiri biyu shi ne ya raba tarihin gilashi gida biyu.

3.0 Gilashin Daji na Turai

3.1 Asali da yadda ake yin sa

A zamanin Rumawa, da kanwar Wadi Natrun ta ƙasar Masar ake yin gilashi kusan ko'ina a kewayen Bahar Rum. Daga wajen ƙarni na 9 wannan kanwa ta yi wuyar samu. Ƙasashen Musulmi da biranen Italiya sai suka koma ga tokar wasu tsirrai masu gishiri da ke fitowa a hamada da bakin teku. Mutanen arewacin Turai kuwa ba su da irin waɗannan tsirrai, abin da suke da shi a wadace shi ne daji. Don haka suka koma ga tokar itace. Gilashin da aka samu ta wannan hanya shi ne Jamusawa ke kira Waldglas, ma'ana gilashin daji.

Wani malamin coci mai suna Theophilus ya rubuta yadda ake haɗin a farkon ƙarni na 12: kashi biyu na tokar wata bishiya da Jamusawa ke kira Buche, kashi ɗaya na wankakken yashi. Akan gasa haɗin tukuna har ya dunƙule, sannan a zuba shi cikin tukwanen yumɓu a narka. Daga nan mai aiki ya ɗebo narkakken gilashin da bakin bututun ƙarfe ya busa shi. Georgius Agricola ya kawo zanen irin waɗannan tanderu a littafinsa na ma'adinai da aka buga a shekarar 1556.

Sana'ar tana cin itace ƙwarai, kuma mafi yawansa ba don hura wuta ake sare shi ba, don a ƙone a sami toka ne. Wannan ya sa masu gilashi ba su zauna a birane ba. Sukan nemi izinin mai ƙasa su kafa rumfa a tsakiyar daji, idan itacen kewaye ya ƙare su tashi su yi gaba. Sana'ar gado ce kamar ƙira a ƙasar Hausa. Ƙa'idar da masu gilashin dajin Spessart na Jamus suka rubuta wa kansu a shekarar 1406 ta hana koya wa wanda ubansa ba mai sana'ar ba ne, ta kuma taƙaita lokacin aiki daga bikin Ista zuwa ranar 11 ga Nuwamba. A Ingila ɓarnar dajin ta kai har Sarki James na Ɗaya ya hana hura tanderun gilashi da itace a shekarar 1615, masu sana'ar suka koma ga kwal.

3.2 Salon ado

Babbar alamar gilashin daji ita ce launinsa. Yashi da toka duka suna ɗauke da ɗan ƙarfe, shi ne ke mayar da gilashin kore, wani lokaci ya yi kamar rawaya ko ƙasa-ƙasa, gwargwadon irin itacen da yanayin wutar. A cikinsa kuma akan ga 'yan ƙananan kumfa. A birnin Fenis, inda ake tace tokar da ake sayowa daga Sham, burin gwani shi ne ya fitar da gilashi garau kamar ruwa. Masu gilashin daji kuwa sun karɓi koren launin, suka gina adonsu a kansa.

Adon da suka fi shahara da shi shi ne ɗiga narkakken gilashi a jikin kofi, ya zama ƙulli-ƙulli. Kofin da ake kira Krautstrunk, na ƙarni na 15 da na 16, ya sami sunansa ne domin ƙullayen sun sa ya yi kama da karan kabeji da aka tsinke wa ganye. Daga irinsa aka samu Berkemeyer mai buɗaɗɗen baki, sannan Römer na ƙarni na 17, mai kai kamar ƙwarya da gindin da aka naɗa da zaren gilashi, wanda ake danna wa ƙullayensa hatimi su yi gurje-gurje. Ƙullayen suna hana kofi suɓucewa daga hannun da ya taɓa maiƙo, suna kuma kama haske su ƙara wa koren duhu. Akwai Passglas, dogon kofi da aka zagaye da layuka don auna rabon kowane mai sha, da kuma Kuttrolf, kwalba mai murɗaɗɗen wuya.

Daga ƙarshen ƙarni na 16 aka shiga yi wa manyan kofuna zane da fenti mai launi wanda ake gasawa ya manne, kamar zanen mikiyar daular Jamus. A Prag, Caspar Lehmann ya sami izinin Sarki Rudolf na Biyu a shekarar 1609 na sassaƙa gilashi da faifai mai juyawa, dabarar da a da duwatsu masu daraja ake yi wa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 17 masu sana'ar Bohemiya sun koyi tace toka da ƙara alli, suka sami gilashi fari mai kauri wanda ke jure sassaƙa. Da wannan ne Bohemiya ta fara ƙwace kasuwa daga hannun Fenis.

3.3 Duwatsun ado daga daji

Ba kofuna kaɗai ake yi a dazuzzukan ba. A tsaunukan Fichtelgebirge na Bavariya, kusa da iyakar Bohemiya, garuruwa irin su Bischofsgrün da Warmensteinach sun shahara da maɓallai da duwatsun tasbaha na Kirista. Yadda ake yi shi ne, a tsoma bakin sandar ƙarfe cikin tukunya, a naɗo gilashi a kanta, a daidaita shi tun yana da zafi, sannan a zare sandar ta bar huda. A ƙarni na 17 da na 18 an yi masu shuɗi da masu ruwan zuma da farare, wasu kamar zobe, wasu an danna musu fuskoki. 'Yan kasuwar Holan suna cikin masu ɗaukar su a jiragen ruwa zuwa Afirka da Amurka, shi ya sa aka daɗe ana danganta su da birnin Amsterdam, har sai da tonon ƙasa da gwajin sinadarai suka mayar da su ga masu su.

4.0 Tanderun Al-Khalil

Garin Al-Khalil, wanda Turawa ke kira Hebron, yana kudu da Ƙudus, kuma ya yi ɗaruruwan shekaru yana sana'ar gilashi. Masu sana'ar sukan samo yashi daga ƙauyen Bani Na'im da ke gabas da garin, gishirin narkawa kuma daga yankin Bahar Lut. Ke nan gilashinsu na gidan kanwa ne, saɓanin na dajin Turai. Bafaranshen nan Volney, wanda ya zagaya Sham a shekarun 1780, ya ambaci zobba da ƙarau masu launi da ake yi a garin ana kai su har Istanbul.

Dutsen Al-Khalil ma naɗa shi ake yi a kan sandar ƙarfe kai tsaye daga tanderu. Sai dai salonsa dabam ne. Haske ba ya ratsa shi, jikinsa yana da 'yan ramuka, hudarsa babba ce, kuma da wuya a sami biyu masu girma ɗaya. Rawaya ya fi yawa, sai kore da shuɗi, baƙi kuma bai cika samuwa ba. A Sudan ana kiran manyan mongur, ƙananan kuma harish.

5.0 Kasuwannin Sudan

Hanyoyi biyu ne manya suka kai waɗannan kaya Sudan daga Alƙahira. Ta farko ita ce Darb al-Arba'in, wato hanyar kwana arba'in, wadda ta tashi daga Asyut ta ratsa hamada zuwa Kobbe a Darfur. Baturen Ingila William George Browne, wanda ya zauna a Darfur daga 1793 zuwa 1796, ya lissafa waɗannan duwatsu na Falasɗinu iri biyu cikin kayan da ayari ke kawowa.

Hanya ta biyu ta bi Kogin Nilu zuwa Shandi da Sinnar, babban birnin daular Funj wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821. John Lewis Burckhardt ya sauka a Shandi a shekarar 1814, ya kuma bayyana kasuwarta dalla-dalla. A bayaninsa, duwatsun gilashi mafi kyau na Fenis ne, mafi yawa kuwa na Al-Khalil ne, sannan fararen Bohemiya, waɗanda 'yan kasuwar Italiya ke kira da sunan Holan, Darfur ake wucewa da su. A nan ne gidajen gilashi guda uku suka haɗu a kasuwanni ɗaya: na tacacciyar tokar Fenis, da na gishirin Bahar Lut, da na tokar dajin Turai.

Burckhardt ya kuma ga wasu baƙi a wannan hanya, wato Takari, mutanen yamma masu tafiya aikin Hajji a ƙasa, waɗanda ke tsayawa su yi aikin ƙarfi ko rubutun allo su sami guzuri. Wannan ya nuna cewa tun kafin a kafa ƙauyukan Hausawa na yanzu, mutanen Afirka ta Yamma sun san waɗannan kasuwanni da kayan da ke cikinsu.

6.0 Hausawan Jazira da Komawar Duwatsu Yamma

Bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas tare da jama'a, Fulani da Hausawa. Wajen shekarar 1906 suka isa Shaikh Talha a gaɓar Shuɗin Nilu, daga baya suka kafa garin da ya ɗauki laƙabinsa, wato Maiurno, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a shekarar 1925 aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, wanda ke buƙatar ma'aikata masu yawa. Maniyyata daga Kano da Sakkwato da Katsina da Barno suka riƙa tsayawa tsinkar auduga don tara kuɗin jirgin ruwa. Da yawansu ba su koma gida ba, suka kafa ƙauyuka a gefen magudanan ruwa da unguwanni a birane irin su Wad Madani. Mark Duffield ya yi nazarin Maiurno a littafinsa na 1981, C. Bawa Yamba kuma ya yi na ƙauyukan maniyyatan Jazira a nasa na 1995.

Muhimmancin waɗannan ƙauyuka ga batun duwatsu shi ne sun mayar da hanyar Hajji hanya mai zuwa da komowa. Bafatake da ya taso daga Kano ya bi ta Maiduguri da Abeche da Al-Fashir da Al-Ubayyid har Jazira yana da masauki da mai jin harshensa a kowane zango. Cikin matafiyan akwai 'yan koli masu sayar da allura da zare da madubi da turare da duwatsun wuya, sana'ar da ke shigar da mutum cikin harkar adon mata, ya san abin da suke so da abin da suka gaji da shi.

A wannan lokaci kasuwar Al-Khalil ta riga ta faɗi. Tun daga rabin ƙarshe na ƙarni na 19 kayan Turai masu araha suka danne ta, musamman na garin Gablonz na Bohemiya, wanda yanzu ake kira Jablonec, inda ake danna gilashi cikin ma'auni a fitar da dubbai masu kama ɗaya, har da na kwaikwayon dutsen aƙiƙ. Matan Sudan suka koma ga sabon yayi. A. J. Arkell, jami'in mulkin Ingila a Darfur wanda daga baya ya shugabanci sashen kayan tarihi na Sudan, ya rubuta a mujallar Sudan Notes and Records ta shekarar 1937 cewa mata suna sayar da tsofaffin mongur da harish ga fataken Hausawa a kan kuɗi kaɗan, su kuma suna yin yamma da su.

A hannun Hausawa ne dutsen ya sami sabon salo. Yadda ya fito daga tanderu, bakunansa biyu a dunƙule suke, idan aka zura su a zare sai a ga giɓi tsakanin dutse da dutse. Sai aka riƙa goge bakunan su yi sumul, ta yadda kowane dutse zai zauna daram a jikin ɗan'uwansa, sarƙar ta fito a jere kamar tsakiya. Wannan gugar ita ce masu tara kayan tarihi ke dubawa su gane dutsen da ya biyo ta hannun Hausawa. Da dillalan Afirka ta Yamma suka fara kai tsofaffin duwatsu kasuwannin Turai da Amurka a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, sunan Kano ne ya bi su.

7.0 Tanderun Afirka ta Yamma

Kano ta shahara da rini da saƙa da dukanci da fatauci, ba ta shahara da narka gilashi ba. Amma wannan ba ya nufin yankin bai san sana'ar ba. Tonon da aka yi a Igbo Olokun na Ile-Ife ya nuna cewa an yi gilashi da duwatsun ado a wurin da kayan gida tsakanin ƙarni na 11 da na 15. A Bida ta ƙasar Nufe kuwa akwai unguwar Masaga, waɗanda tarihin bakinsu ya ce kakanninsu daga Masar suka taso suka biyo ta Barno. Suna haɗa yashi da kanwa su sami baƙin gilashi da suke kira bikini, su yi ƙarau da duwatsu da shi. Da kwalaben Turai suka yawaita sai suka koma narka su, kamar yadda S. F. Nadel ya bayyana a littafinsa na 1942 a kan ƙasar Nufe. Ƙarau na Bida ma ta hannun fataken Hausawa ya bazu a kasuwannin arewa.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane irin gilashi yana ɗauke da shaidar wurin da aka yi shi. Koren Römer na ƙarfen da ke cikin yashi da tokar dajin Jamus ne. Rawayan mongur mai duhu da ramukan jikinsa na tanderun Al-Khalil ne. Gogaggen bakinsa kuma aikin Hausawa ne. Suna kuwa, ko "na Holan" ko "na Kano", yana nuni ne ga wanda ya yi dakon kayan ya kai su kasuwa ta ƙarshe.

Wannan darasi ne ga ɗalibin harshe, domin Hausa cike take da sunayen kaya da aka jingina wa garuruwa da ƙasashe. Wanda ya ɗauki irin wannan suna a matsayin hujjar asali zai rubuta tarihin da ba daidai ba. Zai ba Kano tanderun da ba ta da shi, ya kuma manta da abin da Hausawa suka yi na haƙiƙa, wato riƙe hanyar da ta haɗa Kano da Jazira da kuma sauya fasalin dutsen ya dace da adonsu.

Akwai kuma gaggawa a cikin lamarin. Rikicin Jihar Shuɗin Nilu na shekarar 2022 ya raba Hausawa da yawa da gidajensu, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 kuma ya kai Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, ya kai Sinja a 2024, an kuma wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum. Kayan ado na gado da sunayen da tsofaffin mata ke kiransu da su suna cikin abubuwan da ke saurin salwanta idan jama'a suka watse. Tattara waɗannan sunaye daga bakin Hausawan Sudan, a kwatanta su da na Kano da Katsina da Maraɗi, aiki ne da ɗaliban Hausa za su iya yi, kuma zai cike wani gurbi a tarihin wannan hanya.